Wadda Ba Ta da Gona a Bunkure

Rekiya ta iso Bunkure ne cikin damina, a shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa. Daga Gombe ta taho, da akwatin ƙarfe guda wanda fiye da rabinsa littattafai ne. An turo ta bautar ƙasa ta shekara ɗaya, ta koyar da Turanci a makarantar 'yan mata da ke bayan gari, aka kuma kama mata ɗaki a gidan wata dattijuwa mai suna Iyatu, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka watse cikin birni.

Da farko garin bai kwanta mata ba. An kafa turakun wuta a bakin hanya amma ba a ɗaura musu waya ba. Akwai famfo a bakin kasuwa, sai dai aikinsa ɗaya, a ɗaure jaki. Ruwa kuwa ga shi nan a kanal, yana wucewa tsakanin gonaki ba dare ba rana, shi da sauronsa da kwaɗinsa. Ita dai ta sa a ranta cewa shekara ce, za ta ƙare. Dole ma ta ƙare a kan lokaci, domin ciwon yana ya fara rufe idon mahaifiyarta. Ranar da za ta taho, Inna ta kama fuskarta ta jawo ta kusa sosai, ta ce, “Ki yi shekararki ki dawo, tun ina iya bambance ki da ƙofa.”

Ba wanda Rekiya ta gaya wa wannan a Bunkure. Ba wai ɓoyewa take yi ba, a'a, ita dai ba ta san yadda ake fara magana ba ne. A aji ma allo take fuskanta ta yi masa bayani, 'yan mata su tsinta daga bayanta. Kalmar da ta fi yi mata nauyi a duniya kuwa ita ce a'a.

Abin ya faro ne bayan sanyi, lokacin da tumatir ya nuna. Wata safiya tana bin gefen kanal za ta makaranta, sai ta yi kiciɓis da Dalhatu, manomin da gonarsa ke bakin hanya. Suka gaisa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Gombe da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, gaisuwa ta ƙare, shi kuma bai tafi ba. Shirun ya fara damunta. Ta duba hagu ta duba dama tana neman abin faɗa, idonta ya sauka a kan gonar.

Ta ce, “Baba, tumatirin nan ya yi kyau.”

Dalhatu ya tsaya yana kallonta kamar wadda ta yi masa albishir ɗin kujerar Makka.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a wannan shekarar kowa ya yi tumatir, kuma ya yi albarka fiye da yadda aka roƙa. Manyan motocin da suke zuwa daga kudu su kwasa ba su zo ba, wai babu taya a ƙasa. Dillalai suka daina zuwa kasuwa, waɗanda suka zo kuma sai su ɗaga ganyen da aka rufe kwando da shi, su yi ajiyar zuciya, su wuce wajen mai rake. An yanyanka wanda za a iya an shanya don a yi kauɗa, har babu sauran wurin shanya. Rufin ɗakuna ya cika, gefen titi ya cika, filin ƙwallon makaranta ya yi ja daga raga zuwa raga. Awaki sun ci har sun fara kau da kai. Zubarwa kuma ba dama, domin Malam Garzali, mai makarantar Islamiyya, wanda shi ma yana da gona biyu, ya yi wa'azi cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, amma kyautar da shi ga baƙo lada ce mai yawa. Matsalar ita ce babu wanda za a ba. Duk wanda ka nufa da kwando sai ka haɗu da shi a hanya ya nufo ka da nasa.

A duk faɗin garin mutum ɗaya ne ba shi da gona, kuma ga shi da bakinsa ya yaba.

Kafin ta taso daga makaranta kwandon Dalhatu yana ƙofar ɗakinta. Washegari na Malam Garzali ya iso, da saƙon cewa ya ji labarin tana so. Kafin mako ya zagayo, mutanen da ba ta taɓa gani ba suna sallama a zaure, su sauke kwando, su share gumi, su ce, “A ba Malama Kofa, babu yawa,” domin kofa suke kiran duk mai bautar ƙasa. Ita kuma ta fito ta durƙusa ta ce, “An gode, Allah ya ƙara arziki,” sai ka ga fuskar mai kyautar ta ɗan canja, domin ƙarin arzikin ne ba ya so.

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ci shi a miya, ta ci shi a kwaɗo, ta ci shi ɗanye da gishiri har gefen bakinta ya tsage. Ta ɗauki kwando guda ta kai wa maƙwabciya a matsayin kyauta, maƙwabciyar ta ji nauyin abin, ta rama da biyu. Wata rana da sassafe ta yi ta maza ta ɗebi wani a bokiti, ta je ta juye a kanal, ta dawo. Da hantsi sai ga Dalhatu da ƙwarya a hannu, wandonsa jiƙe har cinya.

Ya ce, “Malama, sun zube miki a ruwa. Allah ya sa ina bakin kwalbati na tare su. Na ma gane su, nawa ne. Ɗaya ne kawai ya tsere mini.”

Ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Baba.”

Tunda barin kyauta a tsakar gida rana tana dukanta kamar raini ne, sai ta riƙa shigar da kwandunan ɗaki. Suka cika gindin bango, suka hau kan akwati, suka hau kan gado. Ranar da ta dawo ta tarar ƙofar ba ta buɗuwa sai faɗin kwando ɗaya, Iyatu ta leƙa ta saman kafaɗarta, ta ce, “To 'yar nan, sai ki dawo bayana.”

Haka Rekiya ta koma kwana a ɗakin Iyatu, a gado ɗaya, ita ce ta jikin bango. Tufafinta duka suna can cikin tumatir, har da kakin bautar ƙasar da hularsa, don haka Iyatu ta buɗe adaka ta fito mata da zannuwanta na da. Ta kuma ce ba za ta kwana da mai farin ƙafa ba, ta ƙunsa mata lalle. Kullum bayan sallar asuba sai Iyatu ta dama koko, su zauna a bakin murhu, ta ba ta labarin duk wanda ya wuce ta bayan katanga daga jin tarinsa kawai. Rekiya ba ta cewa komai sai “to” da “ikon Allah”, amma ta lura ta daina duba kalandar da ke ofishin makaranta. Kwanduna kuwa ba su fasa zuwa ba. Masu kawowa da kansu suke tura su ta ƙofar, su danna da kafaɗa. Na ƙasa suka fara narkewa, wani jan ruwa ya riƙa biyowa ta ƙarƙashin ƙofa, Iyatu ta ɗauki fartanya ta yi masa 'yar hanya zuwa rariya.

Ana cikin haka shugabar makaranta ta kira Rekiya ta gaya mata cewa gobe jami'in da ke duba masu bautar ƙasa zai zo daga Kano. An samu labarin waɗansu suna kama ɗaki a ƙauye su koma birni su zauna, don haka gida-gida yake bi yana ganin makwanci da idonsa. Wanda aka samu ba ya zama inda aka turo shi, sai a ƙara masa watanni.

Rekiya ta dawo gida. Ta tsaya a gaban ɗakin nata tana kallon jan ruwan yana bin hanyarsa. Iyatu tana tankaɗe ta tambaye ta lafiya, ta gaya mata.

Iyatu ta dakata da tankaɗen. “A ƙara miki watanni a ina?”

“A nan, Iya.”

“A nan garin? A nan gidan?”

“Eh.”

“Shi ne hukuncin?”

“Shi ne.”

Iyatu ta kaɗe hannunta, ta ɗauki mayafi, ta ce za ta je barka. Rekiya ba ta ji an yi haihuwa a unguwar ba, amma ba ta tambaya ba.

Washegari da hantsi wata farar fijo ta tsaya a ƙofar gida. Jami'in, Malam Sada, dogo ne mai tabarau, sabon zuwa ne a aikin, bai taɓa ganin Rekiya ba. Ya tarar da ƙofar gidan cike da manoma, waɗanda a irin wannan lokaci ya kamata a ce suna gona suna ban ruwa. Aka yi masa iso har tsakar gida, Dalhatu da Malam Garzali suka biyo shi, sauran suka cika zaure, mata suka jeru a kan katangar maƙwabta. Iyatu ta ce wa Rekiya ta kawo wa baƙo ruwa. Ta kawo a kwanon sha, sanye da zanen Iyatu mai zanen agogo, hannu da ƙafa jajir da lalle, ta durƙusa ta miƙa. Ya karɓa bai ko dube ta ba.

Ya ce, “Hajiya, nan ne masaukin Malama Rekiya?”

Iyatu ta ce, “Nan aka ce, ranka ya daɗe.”

“Aka ce?”

“To, gwamnati ce ta kama ɗakin. Ni ba na musu da gwamnati.”

“Wanne ne ɗakin?”

Ta nuna masa da haɓa. Malam Sada ya matsa, ya tsallake 'yar hanyar ruwan, ya tura ƙofa. Ta buɗe kaɗan ta tsaya. Warin da ya fito ya sa ya ja da baya ya zaro hankici. Ya leƙa, bai ga komai ba sai kwanduna har rufi.

Ya ce, “Tana kwana a nan?”

Iyatu ta ce, “Ni dai tun da sanyi ya wuce ban ga ɗan Adam ya kwana a cikin nan ba. In da Alƙur'ani a motarka a ɗauko.”

Rekiya ta buɗe baki. Ta tabbata ta ce “ni ce”, ta ji motsin leɓenta, amma ko kazar da ke kusa da ƙafarta ba ta waiwayo ba.

Malam Sada ya juya ga Dalhatu. “Kai, malam, kana ganinta a garin nan?”

Dalhatu ya ce, “Yallaɓai, ni manomi ne. Idona kullum a ƙasa yake.” Ya kuwa kafa idon nasa a ƙasa, daidai kan yatsun Rekiya.

“Allah gafarta Malam, kai fa?”

Malam Garzali ya shafa gemu. “Ni ai ba ya halatta in tsaya ina ƙare wa matan mutane kallo, balle in ba da shaida a kansu.”

Sai a lokacin jami'in ya lura da wadda ke durƙushe. “Wannan fa?”

Iyatu ta ce, “Wannan 'yar gida ce. A bayana take kwana. Ke, ɗauke kwanon mana, kin tsaya kina kallon manya.”

Rekiya ta ɗauke kwanon. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne har yanzu ba wanda ya yi ƙarya.

Malam Sada ya girgiza kai. Ya ce abin da ake gudu ke nan, an ba mutum ɗaki ya mayar da shi rumbu ya tafi birni. Ya ce zai kai rahoto, kuma irin wannan yawanci wata uku ake ƙarawa.

Dalhatu ya ɗago kai. Ya lanƙwasa yatsu yana motsa baki, sannan ya ce, “Yallaɓai, uku? Ai ko dashe ba a gama ba za ta tafi.”

“Dashen me?”

“A'a, ina nufin laifin. Laifi kamar wannan a ce uku? Dubi ɗakin nan fa. A kai shi bayan sanyi dai.”

Daga zaure wani ya ce, “A cika shekara kawai, kowa ya huta.”

Malam Sada ya ce, “Ba ciniki muke yi ba, jama'a.”

Dalhatu ya ce, “Mun sani. Amma ka ɗan taɓa wani abu a kai. Bakwai.”

“Ba ni nake yankewa ba.”

“To shida, don darajar Malam.”

Malam Garzali ya ce shi ba ya sa baki a harkar hukuma, sai dai a iya saninsa sassauci yana ɓata yaran zamani. Wata mata daga kan katanga ta ce in ana karɓar shaidar mata, ita ma ba ta taɓa ganin Malama ba, kuma a gaya wa Malama ta aiko da kwanon da ta ara. Jami'in ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya zaga garuruwa da yawa, ko'ina roƙonsa ake yi ya rufa asiri, bai taɓa ganin mutane masu kishin ƙasa irin na Bunkure ba. Ya ce zai rubuta cewa jama'ar gari da kansu sun nemi a tsananta.

Rekiya tana tsaye da kwano a hannu. Wani abu mai ɗumi ya taso mata a ƙirji wanda ba ta san sunansa ba, domin tun da take ba a taɓa barin ban ruwa saboda ita ba. Amma a bayan wannan ɗumin sai ta ga Inna zaune a bakin ƙofa, damina ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya shigo, tana ɗaga kai duk lokacin da wata inuwa ta gitta.

Ta ajiye kwanon. Ta tuɓe silifas ɗinta ta jera su a gefe. Ta nufi ƙofar ɗakin, ta sa hannu cikin kwandon da ya fi kusa, ta zaro tumatir guda wanda ya yi baƙi ya yi gashi, ruwansa yana bin gwiwar hannunta. Ta juyo ta miƙa shi saitin Malam Garzali.

Ta ce, “Allah gafarta Malam, wannan abinci ne?”

Mutane suka juyo gaba ɗaya. Yawancinsu ba su taɓa jin muryarta ta wuce “an gode” ba.

Malam Garzali ya dubi abin. Ya matso da hancinsa, ya janye da sauri. Ya dubi jama'a, ya ga kowa shi yake kallo, ya kuma gane cewa in ya ce abinci ne akwai yiwuwar a ce ya yi bismilla.

Ya ce, “Wannan kam ya fita daga hukuncin abinci.”

Dalhatu ya ce, “Tun yaushe?”

“Tun da ya fara wannan warin.”

“To Malam, me ya hana ka faɗa tuntuni? Ina da irinsa cike da ɗakin kaji.”

“Wa ya tambaye ni? Kowa a kan sabo yake tambaya.”

Rekiya ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta tattare zane, ta sa kafaɗa ta banke ƙofar. Kwandon farko ya faɗo ya fashe a gabanta. Ta rufe ido ta ɗora ƙafa a kai.

Ƙafar ta nutse har ƙauri, da wata ƙara kamar saniya ta zare kofato daga taɓo. Ta tsaya tana jiran salati, ko tsaki, ko wani ya ce ashe haka take da kyautar mutane. Ba ta ji komai ba. Ta ɗora ta biyun.

Sai muryar Dalhatu ta zo daga bayanta, a hankali. “Malama, wancan mai igiyar roba a baki nawa ne. Ki taka shi da kyau.”

Ta taka shi.

“Ƙara. Wata huɗu ina masa ban ruwa, ko sannu.”

Zaure ya ɓarke. Manoma suka turo kai ta ƙofa da taga, kowa yana neman kwandonsa. Wani yana cewa nasa ne na ƙarƙashin taga, a yi masa da diddige. Wani tsoho ya roƙi a ɗaga shi ya ga nasa da idonsa. Malam Garzali ya yi gyaran murya ya ce a yi a hankali, sannan ya ƙara da cewa na kan akwatin nan guda biyu, in ba takura. Rekiya tana kutsawa, kwanduna suna rushewa a kafaɗarta, ruwa yana shiga kunnenta, ƙananan ƙudaje sun tashi kamar hayaƙi. Ta zame ta zauna daɓas a inda take zaton gado ne, kuma gadon ne. A nan dariya ta kama ta. Ta yi ƙoƙarin danne ta da hannu, hannun kuma duk tumatir ne, sai abin ya ƙaru.

Ta miƙe ta lalubi bango har ta samu ƙusar. Kakin yana nan a rataye, ya yi ja daga ƙasa, ya yi furfura daga sama. Ta zura rigar a kan zanen Iyatu, ta kifa hular a kan ɗankwali, ta biyo hanyar da ta buɗe ta fito.

Ta tsaya a gaban Malam Sada tana ɗiga. Ta faɗi cikakken sunanta da lambarta da Turanci, da ƙarfi, kamar yadda aka koya musu a sansani. Sannan ta koma Hausa.

“Ranka ya daɗe, ni ce. Ban taɓa kwana a Kano ba. A ɗakin can nake kwana, jikin bango, inda ƙasa take zubowa in jaki ya soshi jikinsa ta waje. Iya tana minshari, in ta juya kuma da bargon take juyawa. Sauron garin nan ba ya tsoron hayaƙi. Ajin da nake koyarwa rabinsa ba rufi, in rana ta take sai mu koma rabin da ke da shi, mu da tumakin mai gadi. Kwaɗin kanal ba sa yin shiru sai an kira assalatu, a lokacin ne kuma Baba Dalhatu yake wucewa da tarinsa.” Ta tsaya ta ja numfashi. Ta so ta ƙara wani aibin, ta lalubo, sai ta tarar duk wanda ta ɗauko ba ta son rabuwa da shi. Ta ce, “Kokon Iya kuma babu irinsa.”

Malam Sada ya dube ta daga hula har ƙafa. Ya dubi Iyatu.

“Hajiya, kin ce 'yar gida ce.”

Iyatu ta ce, “To da 'yar ina ce?”

Ya mayar da tabaransa. Ya ce ya gamsu, wanda yake kwana a birni ba zai san wannan duka ba, kuma ba zai shiga wancan ɗakin ba ko da bindiga. Ya ce babu ƙarin ko kwana ɗaya, za ta gama tare da 'yan'uwanta masu bautar ƙasa. Dalhatu ya raka shi har mota yana tambaya ko akwai wani ƙaramin laifin da za a iya dubawa, ko na wata biyu ne, jami'in ya ɗaga gilashi.

Kafin azahar labarin fatawar Malam ya zaga gari. Jakuna da amalanke suka yi ta fita da ruɓaɓɓun kwanduna zuwa gonaki a yi taki da su, mutane suna yi wa juna sannu da fara'a kamar ranar salla. Waɗansu suka shigo da shebur suka kwashe ɗakin Rekiya tas, suka fito da akwatin suka ajiye a rana.

Iyatu ta yafito Rekiya. Ta ɗora ruwa, ta juye a baho, ta nuna mata kujera 'yar tsugune. Rekiya ta zauna. Iyatu ta kama ƙafarta ta tsoma a ruwan, ta shiga dirza da soso, da ƙarfin da ya fi na wanki.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Da kin yi shiru kamar yadda kika saba, da yanzu an gama.”

Rekiya ta dubi bayan kan Iyatu, inda furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Ta ga tunda yau bakin ya buɗe, gara ta yi amfani da shi kafin ya rufe.

“Iya, idon Innata ne. Yana ce take rufe shi. Ta ce in dawo tun tana iya gane ni.”

Soson ya tsaya.

“Dama ko hagu?”

“Duka biyun.”

“Wa ke wajenta?”

“'Yar maƙwabta ce take leƙa ta.”

Iyatu ta saki ƙafar cikin ruwa. Sannan ta ce, “Kina bayana wata da watanni, kina jin minsharina har kina kai ƙarata wajen hukuma, amma wannan ba ki iya faɗa ba? Na zaga gari jiya gida-gida kamar mai tallan goro. Da yanzu na ɗauki alhakin baiwar Allah ina murna.”

“Ban san ta inda zan fara ba, Iya.”

“Ta baki ake farawa.” Ta jawo ɗaya ƙafar, wannan karon a hankali. “Ranar da aka sallame ki ko azahar ba za ki yi a garin nan ba. Ni zan kai ki tasha. Wanda ya ce ki ƙara kwana ya zo ya same ni.”

Rekiya ta ce to. Daga waje ana jin Dalhatu yana yi wa jakinsa faɗa, ana jin ruwan kanal. Iyatu ta waiwaya ta dubi ɗakin da aka kwashe, ƙofarsa a wangale, bangon ya yi ja har tsayin mutum.

Ta ce, “Ɗakinki dai ya samu. In an wanke gobe sai ki koma.”

Rekiya ta dubi ɗakin ita ma. Ta ce, “Iya, ko a bar shi ya sha iska tukuna? Ina ganin zai daɗe yana wari.”

Iyatu ta matse soson. “Zai daɗe kam. Irin wannan warin yakan kai damina.” Ta miƙa hannu. “Ba ni hannun nan, har cikin farce ya shiga.”